Ɗigon Baba da Yatsan Inna

Babana ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran famfo, kuma ban taɓa jin an kawo masa wata matsala ya ce ba ta ruwa ba ce. In kanka na ciwo, ba ka sha ruwa ba ne. In bango ya tsage, ruwa ne ke bi ta ƙarƙashi. In miji da mata sun cika faɗa, sai ya ce a je a duba, ƙila famfon gidan ne ke ɗiga yana hana su barci. A unguwa Injiniya ake ce masa, ko da yake takardar da yake da ita ɗaya ce tak, ta gama firamare. Jakarsa ta buhu ce, a ciki akwai sifana biyu, da zarto, da gwangwanin gam, da farin zaren nan da ake naɗe bakin bututu. Yana fita bayan sallar asuba, ba ya dawowa sai an kusa kiran magariba. Ranar hutunsa kuwa, da ya ci abincin rana sai barci, ko rufin gidan za a yaye ba zai motsa ba.

Ni ce autarsa. Ina ɗinki a wani shago a bakin titi, kuma ni kaɗai na rage a gida tare da shi da Inna. An ce na ɗauko bakin Inna da taurin kan Baba, kuma ba wanda ya ji daɗin haɗin.

Bayan gidanmu akwai wani ɗan fili tsakanin bangon kicin da katanga, taku goma sha biyu a tsaye, shida a kwance. Sai an bi ta wani lungu, ta gefen tagar ɗakin Inna, kafin a kai gare shi. Nan ne lambun Inna, kuma abu ɗaya ne a cikinsa. Wani direban babbar mota ne da Baba ya gyara wa famfo ya ba shi 'ya'yan itace uku, rawaya, kowanne ya ɗan fi ƙwai girma. Ya ce sunansa fashon furut. In an yanka, cikinsa ƙananan iri ne baƙaƙe a cikin ruwa mai tsami da ƙamshi. Baba ya ɗanɗana ya yamutsa fuska ya ce wannan ai hukunci ne. Inna ta tsince irin ta shanya, ta shuka. Ta ce ita bakinta ba zai iya wancan sunan ba, ta raɗa masa ɗan tsami.

Ɗan tsami yaɗo yake yi, kuma ba ya daɗewa a duniya. Shekara huɗu ko biyar ya tsufa ya mutu. Kafin ya mutu Inna ta riga ta ɗebi iri daga 'ya'yansa ta tayar da sababbi. Haka ta yi ta yi har shekara ashirin, daga waɗancan ukun na direba.

Aikinta kuwa ba tsari a cikinsa, in ji Baba. Bokiti biyu take ɗauka daga famfon tsakar gida, ta bi lungu tana rangaji, rabin ruwan ya zube a hanya. Takinta kashin awaki ne da ɓawon kayan miya da toka, ta tara a rami su ruɓe. In ƙwari sun taso ta jiƙa ganyen darbejiya ta yayyafa. Dokarta ɗaya ce, takin zamani da maganin feshi ba sa ƙetare lungun nan. Rumfar da yaɗon ke hawa ta tsofaffin itatuwa ce, duk ta sha huji, ga wani ruɓaɓɓen gungume a kusurwa da ta hana a ƙona. Wasu ƙattin baƙaƙen ƙwari masu kama da ƙudan zuma ne ke huda itatuwan suna zama a ciki, in sun tashi sai ka ji kamar ƙaramin janareto. Baba ya sa musu suna kafintoci, kuma ya tsane su.

"Wata rana rumfar nan a kan wani za ta faɗo," in ji shi.

"Injiniya, ka tsaya ga bututunka," in ji Inna.

Kullum bayan azahar, lokacin da kowane mai hankali ke neman inuwa, sai Inna ta yafa mayafi ta shiga lambu. Takan yi kusan awa guda. Ta dawo tana gumi, ɗan yatsanta manuni ya yi rawaya kamar ta taɓa kurkum. Ranar hutunsa Baba yakan ga wucewarta ta taga kafin barci ya ɗauke shi, ya ɗaga murya: "Mai Lambu, ki shigo daga ranar nan! Me kike yi ne haka, gaisawa da ganye?" Ita kuma ta ce, "E, suna gaishe ka." Ɗan tsami kuwa yana ta zuba, har maƙwabta sun gaji da cewa an gode.

Shekara biyu da suka wuce, da safe, Inna ta faɗi a lungun nan da bokiti a kowane hannu. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ɓangaren dama ya tafi, magana ta tafi, sai hannun hagu da ke ɗan motsi da wani sauti guda da take iya yi a maƙogwaro. Likita ya yi ta bayani a kan hawan jini. Baba ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, muna fitowa ya ce mini, "Bokitin nan ne ya kayar da ita." A gefen gadon asibiti, a gabana, ya riƙe hannunta mai lafiya ya ce, "Lambunki yana hannuna. Zan riƙe miki shi yadda kika bar shi, har ma ya fi." Wannan "har ma ya fi" ɗin shi ne ya jawo mana komai.

Ya ajiye aikin waje gaba ɗaya. Cikin mako uku lambun Inna ya koma kamar ɗakin gwaji. Ya ɗora tanki a kan dandamalin ƙarfe, ya jawo baƙin tiyo siriri ya bi gindin kowane yaɗo, ya huda masa ƙananan ƙofofi yadda ruwa zai riƙa sauka ɗigo-ɗigo daidai kan saiwa. Ya sa matatar ruwa saboda datti, ya sa bawul na buɗewa da rufe ruwan. Ya rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa don kada danshi ya gudu. Abin da bokiti takwas ke yi, yanzu biyu sun wadatar, kuma ba wanda zai ƙara ɗaukar komai. Gaskiya aikin ya yi kyau, har mutane na zuwa kallo. Ya rushe tsohuwar rumfa ya kafa ta bututun ƙarfe da waya, wadda ko giwa za ta hau. Itatuwan da gungumen ya ba mai sayar da icen girki kyauta. Kafintoci suka yi kwana uku suna kewaya wurin, sannan suka ɓace.

"Kuma ba da guba na kore su ba," in ji Baba yana alfahari. "Dokar Innarki ba ta karye ba."

A ƙarshe ya sa wa bakin lambun ƙofa da kwaɗo, don kada wani ya taka masa tiyo. Ya kafa tasa dokar: ba a shiga lambu da rana, domin ruwan da aka bayar da rana rabon iska ne. Da asuba yake buɗe bawul, dab da magariba ya koma ya duba. Tsakanin nan yana wurin Inna. Shi ke ba ta abinci a baki, shi ke ba ta magani, ya juya ta, ya matsa mata ƙafa. Daga hantsi har bayan la'asar ko ƙofar ɗakin ba ya ƙetarewa.

Yaɗo uku Inna ta bari, kuma a hannun Baba sun yi kyan da ba su taɓa yi ba. Ganye ya yi kore shar, faɗinsa kamar tafin hannu. Amma damina ta zo ta wuce, ko ɗa ɗaya ba su yi ba.

"Furen ne ba ya buɗewa," Baba ya gaya mini. "Da safe in gan shi a dunƙule, cike, kamar yanzu zai fashe. Da yamma in tarar ya yi yaushi a rufe. Kwana biyu ya faɗo ƙasa. Wani abu ne ke kashe shi kafin ya buɗe, kuma ruwa ne."

Na yarda. Kowa ma ya yarda. Mutumin da ke ƙirga ɗigon ruwa da agogo a hannu, wa zai ce masa ka sake dubawa?

Daga nan gidanmu ya rikice. Baba ya jera kofunan shayi a ƙarƙashin kowace ƙofar tiyo yana auna abin da ya taru cikin minti goma, yana rubutawa da alli a bangon kicin. Ya rage ruwa, fure ya zube. Ya ƙara ruwa, fure ya zube. Ya ɗaga tankin sama da taku biyu, ya sauke shi da taku uku. Ya ce ruwan famfo na da magani a ciki, ya tari na sama. Ya ce na sama ya cika sanyi, ya bar shi ya kwana. Bangon kicin ya cika da lambobi, ya goge ya sake cikawa. Ni kuma na rasa kofin da zan sha shayi.

Ya je ya kawo malamin gona da sassafe. Malamin matashi ne mai kirki, ya yaba tiyo ƙwarai, ya ɗauki hoto. Da aka gaya masa fure ba ya buɗewa, ya murza ƙasa a hannu, ya ce ƙila takin ya yi yawa, ganye ya ƙoshi ya manta da haihuwa. A rage kashin awaki, a ƙara toka. Yana fita kuma ya faɗi abin da ya hana Baba cin abinci ranar: yaɗon nan sun tsufa, gindinsu ya fara tsagewa, in sun yi fure a wannan shekarar to shi ne na ƙarshe.

Muka ɗauko gwangwanin madarar da Inna ke ajiye iri, muka shuka duk abin da ke ciki. Ko ɗaya bai tsiro ba, ya daɗe da yawa. Baba ya yanki rassa ya dasa a leda, suka ruɓe. Abin da ya rage a duniya daga shekara ashirin ɗin Inna shi ne tsofaffin yaɗo uku da ba sa haihuwa.

Kawu, ƙanen Inna, mai sayar da kayan gyaran babur, wanda bai taɓa shuka ko albasa ba, ya zo duba 'yar'uwarsa ya tsaya ya duba lambu.

"Yaya Injiniya, yunwa ce," in ji shi. "Ka watsa musu takin zamani cokali biyu, wa zai sani?"

"Ita za ta sani."

"To ka tumɓuke su ka sayo sababbi. Ai ana sayarwa."

"Ana sayarwa," in ji Baba. "Amma ba nata ba ne."

Kawu ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya hau babur ɗinsa.

Wata rana na dawo na tarar da Baba yana jirana a bakin kicin da bokiti. Ya ce in wanke kwanuka. Na ce ai a wanke suke. Ya ce in sake wankewa, ɗaurayar yake so, domin ya tuna Inna takan haɗa da ruwan ɗauraya, ƙila sirrin a nan yake. Na tsaya na wanke kwanuka masu tsabta ina ƙunƙuni. Mako guda cur Injiniya da kansa ya rufe bawul yana bin lungu da bokiti biyu, yana ma zubar da rabi a hanya da gangan don ya yi daidai da nata. Fure ya zube.

Abin da ya fi ci masa rai ba lambun ba ne, Inna ce. Kullum bayan azahar sai ta fara wannan sautin nata, ta ɗaga hannun hagu tana miƙawa wajen taga, tana jan zanen gado, wani lokaci har da hawaye. Mun ɗauka zafi ne, aka sayo fanka. Mun ɗauka ciwo ne, likita ya ce ba abin da ya ƙaru. Baba shi ya yanke hukunci.

"Haushina take ji," ya ce. "Na ce zan riƙe mata, ga shi na kasa. In ta ga lungun nan ranta ɓaci yake yi."

Sai ya riƙa sauke labule da zarar an yi azahar, ya zauna a bakin gado yana ba ta haƙuri. "Mai Lambu, ki ƙara mini lokaci. Na kusa gano inda matsalar take." Ita kuma ta rufe ido ta juya kai bango.

Ni haƙurina gajere ne. Na je babban kanti na sayo fashon furut guda biyu, na goge su, na sa a faranti na kai mata ina murmushi, na ce ga ɗan tsaminki ya haihu. Ta karɓi ɗaya da hagu, ta juya shi, ta kai hanci. Sannan ta yi mini irin kallon da take yi mini ina yarinya in na ce na yi salla alhali ban yi ba. Ta saki abin ya gangara ƙarƙashin gado. Baba bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ya yi ya lalubo shi, ya miƙo mini ya ce, "Auta, bakinta ne ya mutu, ba hankalinta ba." Na ji kunya ranar, irin wadda har yanzu in na tuna nake ji.

Furen shekarar ƙarshe ya fara fitowa, yana zubewa kamar na bara. Baba ya rame. Ya daina rubutu a bango. Wata safiya na same shi a tsaye gaban tanki, sifana a hannu, bai san abin da zai kwance ba. Ya ce mini, "Shekara talatin da huɗu ba a taɓa kira na gida na fito ban gano inda yake yoyo ba. Na bi layin nan daga tanki har saiwa ya fi sau ɗari. Komai daidai yake. To in komai daidai ne, me ya lalace?" Na wuce shago.

Ranar da abin ya warware, keken ɗinkina ne ya karye, na dawo gida da wuri. Wajen ƙarfe biyu saura, ina tsakar gida ina cin abinci, Baba yana ɗaki yana ba Inna haƙurin da ya saba. Sai na ga ya fito da sauri ya tsaya ya karkata kai.

"Kin ji?"

"Me?"

"Ruwa na zuba."

Ni ban ji komai ba. Amma Baba ko a cikin kasuwa yana jin yoyo. Zafin rana ne ya sa wani haɗin tiyo ya saki. Ya zaro makulli ya bi lungu da gudu-gudu, na bi bayansa da cokali a hannu. Ya buɗe ƙofa, ya yi taku biyu, ya tsaya cak har na yi karo da bayansa.

Rumfar gaba ɗaya fure ce a buɗe. Sun fi hamsin, kowanne ya kai bakin kofi, fari da shunayya, da wasu siraran gashi kewaye, ƙamshi ya cika wurin. Ruwa na ta feshi daga tiyo yana jiƙa masa wando, bai ko kalla ba.

"Wa ya kawo waɗannan?" ya ce.

"Baba, furen ne. Ya buɗe."

"Yau ya fara?"

A nan na dafe kai. Domin ni na sani. Tun ina 'yar firamare na san ɗan tsami sai rana ta take yake buɗewa, kafin magariba ya rufe, kuma kowane fure yini ɗaya gare shi. Na sha ganinsa in na dawo daga makaranta. Da Baba ya ce mini ba ya buɗewa, na ɗauka yana nufin ya daina. Bai taɓa zuwa mini a rai cewa mutumin da ya yi shekara ashirin a gida ɗaya da wannan shuka bai taɓa ganin furenta a buɗe ba. Na gaya masa abin da na sani. Ya dube ni kamar da wani yare nake magana.

"To in yana buɗewa," ya ce a hankali, "shekara biyun nan me nake gyarawa?"

Ya sunkuya ya kutsa ƙarƙashin rumfa ya rufe bawul, yana ture furanni da hannu. Ya ce bari ya ɗauko gam, yana ɗakin Inna a kan taga. Na bi shi, don ban yarda da yadda yake tafiya ba. Ya miƙa hannu ta saman gado zai ɗauki gwangwanin, sai Inna ta cafke wuyan hannunsa. Ban san akwai sauran irin wannan ƙarfi a jikinta ba. Ta jawo hannun dab da fuskarta. Yatsunsa biyu da bakin hannun rigarsa sun yi rawaya da garin fure.

Baba ya dubi yatsunsa. Ya dubi nata, manunin hagu da ke riƙe da shi, fari fat. Ya sake duban nasa. Sannan ya ce, "Auta, kawo kujera."

Muka ɗora ta a kujerar roba, shi a dama ni a hagu, muka bi lungun da ta faɗi a ciki, muka ajiye ta a ƙarƙashin rumfa. Shekara biyu rabonta da wurin. Na zaci kuka za ta yi. Ina! Aiki ta zo yi. Ta kama manunin Baba kamar yadda ake kama hannun yaro a koya masa rubutu. Ta goga shi a ƙarƙashin wasu 'yan faifai biyar da ke tsakiyar fure har ya ɗebo rawaya. Ya kai hannu zai shafa a kan furen nan dai, ta fizge shi, ta yi sautinta da ƙarfi, ta nuna yaɗon da ke can gefe. Muka ja kujera. A can ta sa ya shafa garin a kan wasu kawuna uku da ke saman furen, ɗaya bayan ɗaya. Ta sake shi, ta nuna na gaba.

"Na wannan a kai wa wancan," Baba yana faɗa wa kansa. "Na wancan a kawo wa wannan. Ikon Allah. Haɗi ne. Ashe haɗi ne babu."

Da muka gama layi ɗaya, Inna ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa bututun ƙarfen rumfa, ƙwal ƙwal, ta juya ta kalli kusurwar da gungume yake a da, sannan ta kalli Baba. Malamin gona ne daga baya ya cika mana bayanin, da aka gaya masa ainihin abin da ke faruwa: furen ɗan tsami ya yi wa ƙananan ƙudan zuma girma, ƙattin nan masu huda itace su ne ke ɗaukar garin a bayansu daga wannan yaɗo zuwa wancan. Inna ta bar musu gidajensu, abin da suka tsallake kuma ta bi da yatsa. Amma Baba bai jira malami ba. Daga kallon nan ya gane, ya cire hula ya share fuska, ya ce, "Kafintoci."

Washegari unguwa ta ga abin mamaki. Injiniya, wanda ko tsinke ba ya bari a tsakar gida, yana bin masu icen girki yana tambayar ruɓaɓɓen gungume, wai wanda ya fi yawan huji. Mai icen da ya ba na farko kyauta ta ce masa, "Baba Injiniya, lafiya dai ko?" Ya ce lafiya lau, baƙi yake nema wa masauki. Ya jawo guda uku a baro ya jingine su a kusurwa, kusa da tankinsa mai sheƙi. Kafintoci ba su dawo da wuri ba. Sai da aka yi mako biyar muka ji ƙarar guda ɗaya, Baba ya tashi tsaye kamar an yi babban baƙo.

Kafin nan aikin ya koma na yatsa. Kullum bayan azahar a ɗaga labule, a fito da kujera. Inna na zaune tana nuni, Baba na bin fure, in ya yi kuskure ta yi masa sautinta. Tunda aka liƙe haɗin, tiyo na ta ɗigonsa a ƙasa, ba wanda ya sake taɓa shi, don dama shi ba abin da ya yi. Furen ya riga ya kusa ƙarewa lokacin da muka farga. Goma sha ɗaya ne suka kama. Biyu suka faɗo tun suna kore, ɗaya daga cikin yaɗon ya bushe da nasa uku a jiki. Baba yana kewaya shidan da suka rage safe da yamma, yana tambayata ko sun ƙara girma, ni kuma ina cewa e ko ban gani ba.

Bayan wata biyu da rabi, na farko ya yi rawaya ya faɗo da kansa a kan ciyawa. Baba ya kawo shi ɗaki a tafin hannu biyu. Ya yanka a faranti, ƙamshin ya cika ɗakin, ya ɗebo a cokali ya kai bakin Inna. Ta kawar da kai. Na ce a raina shi ke nan, wani abin kuma muka ɓata. Sai ta jawo farantin kan cinyarta, ta sa yatsa tana ture irin gefe, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, da hannun da bai saba ba. Ta kama hannun Baba ta buɗe tafinsa, ta zuba masa su, ta naɗe yatsunsa a kai. Sai da ta gama sannan ta buɗe baki ta karɓi ruwan da ya rage. Ta yamutsa rabin fuskarta mai motsi saboda tsami, Baba ya yi dariya har da tari.

Da la'asar na same shi a bakin kicin ya shimfiɗa tsohuwar jarida, yana jera irin a inuwa don su bushe, yatsansa rawaya. Bai ɗago ba ya ce, "Shekara ashirin ina ce mata ta shigo daga rana."

Na ce, "Ai ba ka sani ba ne, Baba."

Ya gyara wani iri da ya hau kan ɗan'uwansa. Can ya ɗago ya dube ni, da irin fuskar da na gani ranar da yake tsaye gaban tanki da sifana.

"Auta, ke da kike gida. Ban da wannan, me kuma take yi da rana?"

Na buɗe baki in ba shi amsa. Na tuna shara, na tuna girki da wanki, daga nan na tsaya. Shekara ashirin da bakwai ina kwana ina tashi a gidan nan, abin da na iya lissafawa ke nan. Muka juya tare muka kalli ƙofar ɗakinta. Baba ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce bari ya je ya zauna kusa da ita, ko za ta nuna masa.